Kumbon Mai Gadi

Ɗakin gadina a Sheffield taku biyu ne,
na uku goshi ne da gilashi.
Kujera, buta, littafin rajista,
hita mai minshari kamar tsohuwar mage, sai ni.
Mota ta zo, in ɗaga sanda, ta shige.
Daga sha ɗaya zuwa asuba
ruwan sama kaɗai ke hira da kwano.

A bayan rajistar nake rubuta labarin
mutanen da suka bar duniya.

Da farko na yi musu kyautar talaka in ya yi mafarki:
kumbo mai zaure bakwai,
lambu a tsakiya har da bishiyar lemo,
kowa da ɗakinsa, kowa da makullinsa.
Shafi goma sha tara suna tafiya lafiya lau.
Suna gaisawa. Suna barci.
Ni da na haife su ma hamma nake.

Wani dare gwiwata ta bugi hita,
shayi ya malale a kan lambun.
Sai na ɗauki biro na shiga rusau.
Na rushe zaure shida. Na sare lemon.
Na tattara makullan na watsa wa taurari.
Na bar mutum uku a wurin da ya ishi biyu:
Tasalla mai tuƙi, Gambo likita,
da wani Holroyd, ɗan garin nan,
wanda barci ba ya ɗaukarsa sai ya yi fito.

Taga ɗaya, faɗin faifai.
Wata takwas kafin ƙasa.

Nan labarin ya tashi zaune.
Gambo ya soma ƙirga numfashin Holroyd
kamar mai bin bashi.
Tasalla ta ɗaura zare a gorar ruwa,
da suka farka
ruwan ya sauka da yatsa guda.

Ban aiko musu da dodo ba.
Ban buɗe wa baƙon wata duniya ƙofa ba.
Zo mu zauna, zo mu saɓa,
haƙori ba ya cizon harshen maƙwabci,
sai wanda suke baki ɗaya.

A fili, fushi yana da wurin zuwa:
ka fita, ka zaga kasuwa, ka dawo ya huce.
A kumbo, maganar da ka furta ba ta da mafita.
Injin iska ya tace ta, ya maido maka,
gobe da ita za ka karya kumallo.

A shafi na arba'in Gambo ya ce, ni ne.
To ina za a kore shi?
Tasalla ta juya masa baya,
bayanta ya jingina da nasa.
Haka suka kwana,
ɗumin mai laifi yana shiga ƙashin mai fushi,
Holroyd yana fito a hankali, a hankali,
ba wanda ya ce ya bari.

Wajen ƙarfe huɗu ta tambaye ni alƙibla.
Duniya ta koma ƙwayar gero a taga,
duk inda ta fuskanta, nesa ne.
Na rasa amsa.
Ni ma nan in na yi sujada
kaina a ƙofa yake, dugadugaina a ƙarƙashin tebur.

Shida ta buga.
Dorota mai karɓata ta ƙwanƙwasa gilashi,
hancinta ja, ƙoƙon kofi a hannu.
Na fito. Filin ajiye motoci ya yi mini yawa,
na tsaya kamar wanda ya manta amfanin hannuwa.

Suna nan a aljihun rigar sanyina, su ukun,
saura wata huɗu.
Ban yanke ko za su sauka ba.
Ina tsoron in ba su ƙasa mai faɗi
kowa ya kama gabansa,
Gambo ya kwana shi kaɗai a ɗaki mai makulli
yana kasa kunne
ko zai ji fito.